Amsoshin Wasiƙunku: Takardar Ɗinkin Bargo Ta Rikita Ni

Wasiƙar yau ta fito ne daga wata mai sauraronmu, 'yar kasuwa, wadda ke taɓa ɗinki idan ta taso daga kasuwa. Ta ce ƙanenta da ke zaune a Amurka ya aiko mata da ƙunshin ƙyallaye kala-kala, da takarda mai zane da lambobi, wai a harhaɗa su su zama bargo. An karanta mata takardar har sau uku, amma ta kasa gane kanta. Tana tambaya, ta ina za ta fara?

To, Malama, mun gode da wannan wasiƙa. Amsa ta farko ita ce, ki ajiye almakashi tukuna. Masu shirya irin wannan ƙunshi sukan auna yadin daidai da aikin ne, rarar da suke bari ba ta da yawa. In kika yanka ba daidai ba, da wuya ki sami irin wannan yadi a kasuwarku.

Shi wannan bargo hawa uku ne: na sama, wato ƙyallayen da za ki haɗa, sai auduga a tsakiya, sai shafi a ƙasa, sannan a bi su da ɗinki a haɗe. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifidi, to lifidin nan ma haka ake yin sa, yadi biyu da auduga a tsakani. A Amurka kuwa sayar da kayan bargon a ƙunshe tare da takarda ya yi tashe tun shekarun 1920 da 1930. Sai dai masu rubuta takardun sukan ɗauka mai karatu ya riga ya san wasu abubuwa, don haka ba sa faɗa.

Babba daga cikinsu shi ne rarar da ake bari a bakin ƙyalle domin ɗinki. A wannan aiki kwata ɗin inci ce, wato kamar milimita 6 ga 'yan'uwanmu na Nijar masu awo da santimita. Telolinmu sun saba barin rabin inci ko fiye a riga, don in ta matse a buɗe. A nan wannan sabo ɓarna ne.

Bari mu yi lissafi ki gani. A ce zanen naki irin mai ƙyalle 9 ne, uku-uku a jere kamar gidan dara, kowane ƙyalle zai tashi inci 3 bayan ɗinki. To inci 3 da rabi za a yanka shi, domin kwata za ta shige ta dama, kwata ta hagu, haka sama da ƙasa. Idan kin haɗa taran, gida guda ya samu ke nan, kuma in kin auna shi za ki ga inci 9 da rabi. Sai an haɗa shi da sauran gidaje zai koma 9 cif. Wannan ne ya sa za ki ga takarda ta ce 9 a wani shafi, ta ce 9 da rabi a wani, ki zaci kuskure ne. Duka biyun daidai ne: ɗaya awon kafin haɗi ne, ɗaya na bayan haɗi.

Yanzu a ce kin bar rabin inci kamar na riga. Kowane ƙyalle zai koma 2 da rabi, gida ya koma 7 da rabi. Gida 8 a jere da ya kamata su ba ki inci 72, wato yadi biyu, sai su ba ki 60. Ƙafa guda cur ta tafi. Ranar da sanyin hunturu ya sauko, in an rufe kai sai ƙafa ta fito.

Saboda haka ga shawararmu. Ki je wurin tela ki roƙi ragowar ƙyallayen da yake zubarwa, ki yanka tara daidai da awon takarda, ki ɗinka gida guda na gwaji. In keke gare ki, ki auna kwata ɗin inci daga allura ki liƙa salatif a wurin, ki riƙa bin bakinsa. In da hannu ne, ki ja layi da fensir da rula a bayan ƙyallen. Ki haɗa fuska da fuska, bayan yana waje. In kin gama ki auna. Ya ba ki 9 da rabi? To kin gane takardar. Bai ba ki ba? Tsumma kika ɓata, ki warware ki sake.

Akwai 'yan haruffa da kan ɗaure wa mutane kai. In kin ga WOF, ana nufin faɗin yadi daga baki zuwa baki, wanda yakan kai inci 42 zuwa 44. RST kuma shi ne fuska da fuskar da muka faɗa. In zanen yana da ƙyalle mai kusurwa uku, za ki ga awo irin su 3 da bakwai bisa takwas. Kada ki ce bari in cika shi 4 ko in rage shi, ki bi shi yadda yake. Kuma ki lallaɓa dogon gefen, don yana miƙewa in an ja shi.

Idan ƙyallayen sun zo a yanke, kada ki wanke su kafin ɗinki, bakinsu zai zare, wasu kuma su tsuke. Ki ware su kala-kala, ki ƙirga, ki duba ko sun cika yadda takarda ta ce. Wajen guga, ɗora dutsen za ki yi ki ɗaga, ba gogawa ba, ki kwantar da bakin ɗinkin ta ɓangaren ƙyalle mai duhu. Mai dutsen gawayi ta shimfiɗa wani ƙyalle a kai saboda toka.

Sau da yawa ƙunshin ba ya zuwa da auduga da shafi. Tsohon bargo mara kauri ya isa ya zama na tsakiya. Manoman auduga kuma, in da taku za a yi, sai an gurje ta sarai, don angurya tana da mai, za ta ɓata yadi. Shafin ya fi na sama girma da kamar inci 4 ta kowane gefe. Ki shimfiɗa ukun a tabarma, ki kama su da manyan ɗinki na wucin gadi, ki fara daga tsakiya ki nufi baki, don kada ya tattare.

In akwai layin da har yanzu ya ƙi ganuwa, ki sa a kwafo mana shi yadda yake a takardar, da lambobinsa, ki aiko. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.