Daga Jirgin Kara Zuwa Jirgin Roba: Darasin Awo



Mun san wasu za su yi mamaki, a ce an tara 'yan jami'a a zaure guda domin a yi musu maganar kayan wasa. To, muna roƙon a yi mana haƙuri har mu kai aya.

Mu da muka taso a Mawashi, can ƙasar Kusada, ba mu san kantin kayan wasa ba. Da zarar an girbe dawa, sai mu bazama gonaki mu kwaso kara. Mu fere ɓawonsa, mu yanka totuwa, mu soke da ƙaya, kafin la'asar mun ƙera mota, wani lokaci har jirgin sama mai farfela. Ba wanda ya koya mana, kuma ba mu taɓa ganin jirgi ba sai can ƙololuwa, ya wuce ya bar mu da ƙara. Saboda haka fiffike yakan fi gangar jiki tsawo, wutsiya kuwa yadda Allah ya yi da ita.

Sai da muka shiga sakandare muka fara ganin irin na Turawa. Wani malaminmu ne ya zo da ɗan kwali, cikinsa gutsattsarin roba sun kai talatin, da takardar da ta nuna inda kowane zai zauna. Aka cire su ɗaya bayan ɗaya, aka goge bakinsu, aka manna da gam, aka shafa fenti, sai ga jirgin yaƙin nan na Ingila mai suna Hurricane a tafin hannu. Wannan sana'a ta daɗe. A shekarar 1936 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da irin waɗannan jirage da sunan Frog Penguin, a 1953 kuma kamfanin Airfix ya fito da nasa Spitfire.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne lambar da ke jikin kwalin, watau 1:72. Ma'anarta, kowane inci ɗaya a jikin ɗan jirgin yana madadin inci 72 a jikin na gaske. Mutum mai tsawon ƙafa 6 zai koma inci ɗaya tak. Fukafukan Hurricane, daga wannan baki zuwa wancan, ƙafa 40 ne, don haka na roba bai cika inci 7 ba. Ba a ƙara, ba a rage. Ranar muka gane bambancin jirginmu da nasu: mu da ido muke ƙira, su da awo.

Kada a ɗauka waɗannan jirage baƙi ne a tarihinmu. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sojan Ingila guda uku, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano daga Masar. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila haɗari, sai ta riƙa ɗauko jiragen yaƙinta cikin akwatunan katako, a jirgin ruwa, zuwa Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau. A can ake harhaɗa su, kamar dai yadda malaminmu ya harhaɗa nasa. Daga watan Satumba na 1940 suka fara tasowa ayari-ayari, su biyo ta Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya, kuma Hurricane na cikin na farko. Bayan haka, a 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya, a watan Agusta na 1967 kuma, farkon yaƙin basasa, aka sauke jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyat a filin jirgin Kano.

A lura da abu guda cikin wannan tarihi. Wasu suka zana, wasu suka ƙera, mu kuwa muka ba da filin sauka. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba muna yabon yaƙi ba ne. Waɗannan jirage don kisa aka yi su, kuma 'yan ƙasarmu da dama sun halaka a ƙarƙashinsu tsakanin 1967 da 1970. Duk mai riƙe da ɗan jirgin roba ya kamata ya tuna haka. Abin da muke nema a jikinsa ilmin da ke ciki ne, ba aikin da aka yi da shi ba.

Haka kuma ba mu ce na roba ya fi na kara ta kowace fuska ba. Mai haɗa na roba, wani ne ya yi masa tunani, ya zuba masa kowane yanki, nasa kawai mannawa. Yaron Mawashi kuwa shi ne mai zane, shi ne maƙeri, shi ke nemo kayan aiki. Basira yana da ita. Abin da ya rasa shi ne rula, da zane mai awo, da babban da zai zauna kusa da shi maimakon ya kore shi da cewa yana ɓata lokaci. Sau nawa mu kanmu, da muka fara sa takalmi sau-ciki, muka raina aikin hannu?

Saboda haka ga shawararmu ga wannan ƙungiya. Kwalin roba yana da tsada, daga waje ake kawo shi, amma guda ɗaya ya ishi makaranta ta gani ta auna. Idan hutu ya zo, kowannenmu ya koma firamaren garinsu da rula da zanen jirgi ɗaya. A tara yara, a raba tsawon fiffike da 72, a sa su fitar da shi da kara da kwali, daidai wa daida. Yaron da ya yi wannan ya koyi rabawa, ya koyi karanta zane, ya kuma koyi haƙurin sake abu har sai ya yi daidai. Kwalejin koyon aikin jiragen sama tana nan Zariya tun 1964, kuma ba a rubuta a ƙofarta cewa ban da ɗan ƙauye ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani.