MAI RIƘE WA AZZALUMI LISSAFI: DARASI DAGA AMURKA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da ɗaya daga cikin 'yan uwa malamai ya gabatar wa matasa a zaman karatunsu na mako.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzon Rahama (S) da Alayensa tsarkaka, Malamin ya fara da abin da ya auku a jihar Misisifi ta Amurka ranar 7 ga Agusta, 2019. A ranar ce jami'an ICE, hukumar da ke farautar baƙin haure tana tasa ƙeyarsu, suka dirar wa masana'antun gyaran kaji guda bakwai, suka kame ma'aikata kimanin 680. Makarantu sun dawo daga hutu ke nan, yara suka taso suka tarar ba uwa ba uba a gida. Ya ce abin tambaya a nan, ta yaya aka san inda waɗannan raunana suke? Takardun kotu sun nuna cewa a wajen binciken an yi amfani da manhajar wani kamfani mai suna Palantir.

Shi dai wannan kamfani, in ji Malamin, an kafa shi ne a 2003, cikin waɗanda suka kafa shi akwai Peter Thiel da Alex Karp, kuma a cikin kuɗin da ya tashi da su akwai na asusun zuba jarin hukumar leƙen asiri ta CIA. Ba ya ƙera bindiga, ba ya ƙera ankwa. Aikinsa shi ne tattara bayanan da suke warwatse, kamar adireshi da lambar mota da lambar waya da sunayen dangi, ya haɗa su waje guda, ta yadda jami'i zai danna kwamfuta ya ga mutum da duk wanda ya shafe shi. A 2014 ya sami kwangilar kimanin Dala miliyan 41 daga ICE. Kamfanin ya sha cewa shi da sashen binciken manyan laifuka yake aiki, babu ruwansa da korar mutane. Sai ga shi a 2019 takardu sun fito sun nuna cewa a 2017 an yi amfani da manhajarsa a wani samame kan iyaye da dangin yaran da suka tsallako iyaka su kaɗai, aka kama mutum 443. Wato ɗa ya zama tarkon kama ubansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Daga nan Malamin ya jawo hankalin 'yan uwa ga Suratul Ƙasasi, inda Allah (T) bai ɗora laifi a kan Fir'auna shi kaɗai ba, har da Hamana da rundunoninsu. Ya ce azzalumi mutum ɗaya ne mai hannu biyu, ba zai iya bin gida-gida da kansa ba, dole sai da marubuci, sai da mai riƙe masa lissafi.

Ya ce waɗanda suka gane haka a can, mafi yawansu ma ba Musulmi ba ne. Wata ƙungiyar 'yan asalin Latin Amurka mai suna Mijente ita ce ta fitar da rahoto a 2018 ta jero sunayen kamfanonin da ke bayan ICE, ta kuma ɗaga taken a daina bai wa hukumar fasaha. Ba su tsaya a muzahara a ƙofar ofisoshi ba, sai suka bi ta inda zai yi wa kamfanin ciwo. Kamfani irin wannan da haziƙan matasa yake rayuwa, saboda haka a 2019 ɗalibai sama da 1,200 daga jami'o'i 17 suka sa hannu cewa ba za su yi wa Palantir aiki ba. A shekarar ce kuma wani taron masana doka a jami'ar Bakli ta Kalifoniya, da babban taron mata masana kwamfuta, suka cire sunansa daga masu ɗaukar nauyinsu. Kafin nan, a 2018, ma'aikatan Microsoft sama da 100 sun rubuta wa shugabansu a soke kwangilar Dala miliyan 19.4 da ICE.

Malamin ya ɗan daɗe a kan labarin mutum guda, Seth Vargo. Wannan injiniya ya taɓa aiki a wani kamfani mai suna Chef. A Satumbar 2019 ya ji cewa kamfanin yana da kwangila da ICE, ta kimanin Dala dubu 95 kacal. Sai ya je ya goge wani ɓangaren manhaja da shi ya rubuta, wanda abokan cinikin kamfanin suka dogara da shi, ayyuka suka tsaya cak. Da farko shugaban kamfanin ya kafe, bayan 'yan kwanaki ya sauko ya ce ba za a sabunta kwangilar ba.

“To amma kada wani ya ɗauka an gama,” in ji Malamin. Palantir ya sabunta kwangilarsa a cikin 2019 ɗin, ana tsakiyar surutu. Microsoft bai soke tasa ba a lokacin. A 2021 kamfanin LexisNexis ya karɓi ta Dala miliyan 16.8 don sayar wa hukumar bayanan jama'a. A Afrilun 2025 ICE ta ƙara wa Palantir Dala miliyan 30 ya gina mata sabon tsarin bin sawun waɗanda za a kora. Ya ce mai kallo da idon kasuwa zai ce matasan nan wahalar banza suka sha.

A nan ne ya kawo ƙissar Safwanul Jammal, mai raƙuman haya a zamanin Haruna Rashid. An ruwaito cewa Imam Musal Kazim (AS) ya yaba halayensa duka, sai abu guda, wato ba Haruna hayar raƙuma. Safwan ya kawo uzurin cewa na tafiyar Hajji ne, kuma shi ba ya bin ayarin da kansa. Imam ya tambaye shi ko ba ya son Haruna ya rayu har ya biya shi kuɗinsa. Safwan ya amsa cewa yana so. Daga nan ya je ya sayar da raƙuman gaba ɗaya. Malamin ya ce mulkin Haruna bai faɗi ba don wannan, ya sami wasu raƙuman. Amma kuma abin ya dame shi har ya kira Safwan ya tuhume shi, domin ya san me janye hannu yake nufi. Hisabin Safwan a kan raƙumansa yake, haka na kowane ɗalibi a cikin 1,200 ɗin nan a kan iliminsa yake.

A lokacin tambayoyi wani ɗan'uwa ya ce wannan ai matsalar can ce. Malamin ya tuna masa cewa a Nuwambar 2020 an bankaɗo cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokutan salla da alƙibla a cikinta, tana miƙa bayanan inda masu ita suke ga wani dillali mai suna X-Mode, shi kuma cikin masu saye a wajensa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Sai da Musulmi suka yi caa sannan manhajar ta yanke hulɗa da shi. Ya nemi 'yan uwa masu karatun kwamfuta da su zo zama na gaba da wayoyinsu, su nuna wa sauran yadda ake duba izinin da kowace manhaja ta karɓa da yadda ake rufe shi.

An rufe zaman da addu'a dab da sallar Magariba.