Amsoshin Wasiƙunku: Kwamfuta Za Ta Iya Raba Gardamar Gini?

Wasiƙarmu ta yau daga Kabo ta fito. Mai wasiƙar ya ce su biyar suka haɗa kuɗi za su gina ɗakin ajiyar hatsi kusa da kasuwar Gwarzo, amma magini da kafinta sun kasa jituwa, ga damina ta matso. Ya ji an ce Turawa na da kwamfuta mai sasanta irin wannan, shin gaskiya ne?

To, malam, akwai ƙamshin gaskiya. A shekarar 1980 wani masani mai suna Reid Smith ya wallafa tsarin da na'urori za su riƙa ciniki a junansu: ɗaya ta yi shelar aiki, saura su taya, a ba wadda tayinta ya fi. Daga baya masana suka gwada irin wannan a zanen gini. Kowane gwani sai a ba shi wakili cikin kwamfuta, a sanar da wakilin abin da gwanin zai iya sassautawa da abin da ba zai taɓa yarda ba.

Ga misali. Wakilin 'yan kasuwa ya ce ɗaki mai faɗi yake so, ba ginshiƙi. Wakilin mai rufi ya ce azara ba ta wuce kimanin mita 2 ba tare da madogara ba. Sai ya kawo zaɓi uku: ginshiƙi, ko bakan gizo, ko rufin kwano. Wakilin kuɗi ya faɗi tsadar kowanne. Haka za su yi ta tayi har a daidaita, tun ba a haƙa harsashi ba.

Bakan gizon nan kuwa namu ne. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya wajejen shekarun 1830.

Shawararmu ita ce, kada ku jira na'ura. Ku tara magini da kafinta da ma'ajinku a zaure guda. Kowa ya faɗi iyakarsa: faɗin ɗaki, inda indararo zai zubar da ruwa, da abin da ke aljihu. A rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Gyaran zane a takarda kyauta ne, rushe bango kuwa asara ce.