Biron Katako Da Faifan Da Aka Dawo Mana Da Su

Jawabin ma'ajiya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, Kwangwalam

 

Lissafin kuɗi yana takarda, an raba wa kowa. Ni maganar biron nan na tashi yi. A miƙa shi layi-layi kowa ta gani, amma don Allah a dawo mini da shi, na aro ne.

Kun ga jikinsa katako ne, ga wasu zobba farare da suka sarƙe juna, wannan ya bi ta ƙarƙashin wancan kamar kitso. Ku shafa. Sumul yake, babu tudu babu kwari. Ido ne kawai ake yaudara. Tun da hotunan irinsa suka fara yawo a wayoyinmu wasu ke cewa mu cire kuɗin asusu mu sayi injin da ake yin sa, 'yan matanmu su koya. Shi ya sa na bi diddigin aikin.

Ana samun gutsuren katako mai duhu, mai kusurwa huɗu. A yanka shi da zarto a karkace, a cusa siririn farin katako a cikin yankan, a sa gam, a ɗaure sai ya bushe. Sai a juya ɗaya gefen a sake, har gefe huɗu. A nan babu wani kyau, layuka ne miƙaƙƙu. Sai a huda tsakiya, a sa bututun tagulla inda bakin biro zai zauna, a ɗora a inji yana juyawa ana fere shi da ƙarfe mai kaifi. Da ya zama zagayayye, layukan nan miƙaƙƙu sai su lanƙwashe su zama zobba. Sannan a goge, a shafa mai sa ƙyalli.

Ga inda gizo ke saƙa: kaurin farin katakon da aka cusa dole ya zo daidai da abin da zarto ya cinye. In ya ɗara ko ya gaza ko da kaurin farce ne, zobban ba za su haɗu ba, kuma ba za a gane ba sai an gama ferewa, aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza.

Katako ba zai gagare mu ba. Ga aduwa mai haske, wadda ake sassaƙa allo da ita, ga ƙirya mai duhu ta turmi. Sauran kayan ne matsala. Inji yana son wuta tsayayya, kun kuwa san halin da muke ciki. Bututun da bakin biron sai an yo odarsu daga nesa. Wa zai saya kuma? Malamin allo karan gamba ya ishe shi alƙalami, ɗan boko na roba yake saye. Masu sayen irin wannan suna manyan birane, kuma ba mu da hanyarsu tukuna. Ra'ayina, a matsayin wadda kuka ba amanar kuɗi, kada mu taɓa asusu bana.

To amma biron ya tuna mini da abin da ya ba mu kunya. Kun tuna faifan kayan ɗakin amarya da wata 'yar kasuwa ta dawo mana da kusan rabinsu? Mun yi fushi, har da ni. Da na zauna na jera su a tabarma sai na ga gaskiyarta. Zanen yana tashi lafiya daga cibiya, kafin a kai baki ya karkace, wani reshe ya yi ƙiba wani ya rame, inda ya kamata ja ya tarar da ja sai ya tarar da fari. Nawa ma yana ciki, ba na ware kaina.

Ciwon ɗaya ne da na mai biro. Faifai yana faɗi a kowane zagaye, don haka ɗinki yana ƙaruwa. In zanenki reshe 8 ne, ƙarin da za ki yi a zagaye sai ya rabu 8 cif, kowane reshe ya samu rabonsa. Mu kuwa da ido muke yi, ana hira ana jijjiga goyo. Iyayenmu da ke zaune a nan gaba suna ƙirgawa, ba su dai faɗa ne.

In an riƙe ƙirga, abin da ya burge mu a biron nan za mu iya shi da kaba da basilla. Ki gusa launi da ɗinki ɗaya a kowane zagaye, faifai zai zama kamar yana juyi alhali yana ajiye. Ki haɗa fari da ja da baƙi, kowanne a gefensa, sai a ga kamar akwatuna sun taso. Wannan ba ya cin ko lita ɗaya ta fetur.

Kaba kuma ba ta ɓarna ba ce yanzu. Tun rufe iyaka na watan Agusta 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, duk mai jiran kaya daga tsallaken Ɗan Barto ta san yadda hannu ya ƙone. Kowane faifai da aka dawo da shi, kuɗin kaba ne da galura da zaman mako guda.

Roƙona biyu ne. Iyayenmu masu hannu su ba mu yammacin Alhamis su zauna da 'yan mata, sakatariya ta rubuta ƙirgar kowane zane a littafi, da wannan biron ma in mai shi ya yarda. Sannan kada faifai ya fita da sunan ƙungiya sai mutum biyu sun duba shi. Maganar inji a ajiye ta zuwa taron baɗi, in Allah ya kai mu, mu ga abin da asusu ya ce.

Wa ke riƙe da biron? Hajiya, a miƙo shi nan.