Rajistar Saba: Matsayinta a Yarjejeniya da Dokar Kare Sirri

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Tun daga shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2019 kalmar saba ta shiga bakin jama'a, amma kaɗan ne daga cikinmu suka lura cewa kowannenmu yana hulɗa da ita kullum. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke amsa buƙatar wayarka a duk lokacin da ka tura kuɗi ko ka buɗe shafin intanet. Kamar yadda maigadin ma'aikata yake rubuta masu shige da fice, haka ita ma take da rajista. A ciki take rubuta rana da lokaci, da adireshin intanet na na'urar da ta tuntuɓe ta, wato lambar IP, da irin na'urar, da abin da aka nema, da amsar da ta bayar. Doka tana kallon wannan rajista ta fuska biyu: shaida ce idan aka yi jayayya, kuma amana ce a hannun mai riƙe da ita.

Mu fara da fuskar shaida. Sau da yawa a cikin sharuɗɗan da muke amincewa da su wajen buɗe asusun banki ko sauke manhaja, akwai sakin layin da ke cewa bayanan kamfani su ne hujjar ƙarshe a kan duk wata hulɗa. Ma'anarsa ita ce, tun kafin rigima ta taso ka yarda abokin jayayyarka ya riƙe littafin da za a duba. Sai dai kotu ba ta karɓar abin da kwamfuta ta fitar haka kawai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shar'anta a nuna cewa ana amfani da kwamfutar a kai a kai wajen wannan aiki, kuma tana aiki daidai a lokacin, sannan a kawo takardar tabbaci daga wanda ke da alhakin kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, a 2012 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet domin ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Ko an karɓi rajistar, ikonta yana da iyaka, domin tana shaidar na'ura ne da lokaci, ba ta ganin hannun da ya danna. Kamfanonin waya sukan raba adireshi ɗaya ga mutane masu yawa, haka ma ma'aikatan ofis guda. Bugu da ƙari, saba da yawa suna rubutu da agogon GMT, wanda agogon Nijeriya yake gabansa da awa ɗaya, don haka abin da aka yi da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a Kano zai iya bayyana da kwanan watan jiya. Amma fa idan ka bai wa yaron shago ko ɗanka lambar sirrinka, sharuɗɗan sukan ɗora maka alhakin duk abin da aka yi da ita.

Sai fuskar amana. An daɗe ana muhawara ko lambar IP bayanin mutum ce ko lambar inji kawai. A watan Oktoba na 2016, Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Breyer da gwamnatin Jamus, ta yanke cewa ko adireshin da ke sauyawa bayanin mutum ne, muddin mai shafin yana da halaltacciyar hanyar gano mai shi ta hannun kamfanin sadarwa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ita ma ta sanya irin waɗannan alamomi na intanet cikin bayanan mutum. Don haka wajibi ne takardar manufar sirri ta kamfani ta bayyana dalilin tara bayanan, da waɗanda ake miƙa wa, da tsawon lokacin ajiya. Kana da haƙƙin neman kwafin bayananka, idan kuma aka hana ka, kana iya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. A ɗaya ɓangaren kuma, sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga na tsawon shekara biyu, tare da miƙa su ga jami'an tsaro bisa ƙa'ida.

To, mene ne abin yi? Na farko, kafin ka amince da sharuɗɗa, nemi wurare biyu ka karanta: inda aka yi maganar hujja, da inda aka yi maganar tsawon ajiya. Na biyu, kai ma ka riƙe taka rajistar, wato saƙon banki da rasit da lambar hulɗa. Na uku, idan matsala ta auku, rubuta takarda nan take ka nemi a adana rajistar wannan rana, domin akwai waɗanda ake gogewa bayan ɗan lokaci. Na huɗu, 'yan kasuwar da ke cikinmu masu ba da kwangilar gina shafi ko manhaja, su tabbata an rubuta wanda ya mallaki rajistar, da wanda zai sa hannu a takardar tabbaci ranar da aka je kotu.

Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ina roƙon waɗanda suka ji su isar ga 'yan uwanmu na gida, waɗanda su ma yau da waya suke karɓar kuɗin da muke aika musu.