Karayar Ƙashin Dunduniya: Yaushe Za A Fara Takawa?

Uwargida da amarya, a ɗan rage wutar murhu a matso kusa da rediyo.

Idan kaka ta yi, daga unguwar Nasarawa a nan Birnin Kebbi har Argungu, za ki ga mata suna hawa tsani don shanya shinkafar da suka turara, ko barkono da kuɓewa a bisa soro. Tsani ya goce, mace ta diro a tsaye, nauyinta duka ya sauka kan dunduniya, wato diddige. Haka wannan ƙashi ya fi karyewa. Cikin ƙasusuwa 26 da ke sawun mutum shi ne babba, amma cikinsa kamar soso yake, shi ya sa idan ya karye yakan murƙushe ne kamar an taka ƙwai.

Za ki ga dunduniya ta kumbura ta yi faɗi, jini ya kwanta har tafin ƙafa, takawa ta gagara. Kada a ce targaɗe ne a hau murza da man zafi. A je a ɗauki hoto, ko a Asibitin Sir Yahaya ko a Babban Asibitin Argungu. In akwai ciwon baya a faɗa wa likita, domin kusan mutum 1 cikin 10 masu wannan karaya, faɗuwar kan taɓa ƙashin bayansu ma. Maigida, wannan fita ta lalura ce, a ba da izini da wuri.

Na san za a ce ga mai ɗori nan kusa. Ba na raina gadon kowa, amma wannan ƙashi gaɓa ce zaune a kansa, wadda ke juya sawu dama da hagu, kuma hannu ba ya ganin ko tsagewar ta shiga cikinta. Idan ƙashin bai goce ba, filasta ta isa. Idan ya goce, sai aiki, wani lokaci ma a tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Likita kan jira kumburi ya saɓe tukuna, don haka a ɗora ƙafar kan matasai ta ɗara ƙirji tsawo. In yatsu suka yi sanyi, suka mace ko suka canza launi a cikin ɗauri, a koma asibiti a take, ko da tsakar dare ne.

To, ga inda muke faɗuwa jarrabawa. Mako 6 zuwa 12 ake hana taka ƙafar, ko kaɗan. Mu kuwa da zafi ya lafa a mako na 3, sai a ce bari in ɗan ɗingisa in duba tukunya. Lafawar zafi daban, haɗewar ƙashi daban. Wannan ɗingishin yana iya danne ƙashin ya haɗe a baje, takalmi ya daina shiga, tafiya kan ƙasa mai gargada ta zama azaba har tsufa. Ki riƙe sandunan da aka ba ki, ki yi sallarki a zaune, a samo kujera mai rami don bayan gida. Abokiyar zama, ki karɓi girkin nan don Allah, ba a ce an ƙwace mata kwana ba.

Ki sha nono, ki ci zogale da ƙananan kifi har ƙayarsu. Ki riƙa zama a tsakar gida hantsi ya taɓa fatarki, don rana ce ke sa jiki ya samar da sinadarin da ke taimaka wa ƙashi, kuma mu da ke cikin gida ya fi yi mana ƙaranci. Mai ciwon suga ta ƙara kula, ciwonta ya fi jinkirin warkewa.

Ranar da likita ya duba sabon hoto ya ce a taka, kaɗan-kaɗan ake farawa da sanda, tare da motsa idon sawu yadda masu gashin ƙashi suka koya miki. Kumburin yamma kan kai shekara bai gama tafiya ba, kada ya tsorata ki.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara.