Idan Ƙaramin Yaro Ya Ƙi Taka Ƙafarsa

Shugaban reshe, dattawan ƙungiya, malamai maza da mata daga Birnin Kudu da Gwaram, da iyaye mata da suka baro aikin gida suka zo, ina gaishe ku. An nemi in yi magana a kan karaya ga yara masu tatata, 'yan shekara 1 zuwa 3. Na amsa da sauri, domin a garuruwanmu idan abu ya rikice a unguwa, ƙofar malamin makaranta ake fara bugawa.

Ƙashin ƙaramin yaro kamar ɗanyen reshen darbejiya yake. Idan aka matsa masa sai ya lanƙwashe, ya tsage ta gefe guda, bai rabu biyu ba. Saboda haka yaro yana iya karyewa ba a ga hannu ya karkace ba, kumburin ma kaɗan ne. Akwai wata karaya da aka san 'yan wannan shekaru da ita: siririyar tsaga a ƙashin ƙwauri, wadda tuntuɓe ko murɗewar ƙafa kawai ke jawowa, wani lokaci babu wanda ya ga faɗuwar. Ku ƙara da abin da muke gani kullum: zamewa daga goyon yayarsa, faɗowa daga gado ko dakali, da shigar ƙafa cikin wayoyin tayar babur.

Tunda ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, jikinsa za a saurara. Yaron da jiya yake yawo a tsakar gida, yau ya koma rarrafe, ko ya ɗage ƙafa idan an tsayar da shi. Wanda ya saki hannu ɗaya yana wasa da ɗayan. Wanda ke ƙwalla ƙara duk lokacin da aka taɓa wuri guda, ko aka ɗaga shi ta hammata: a ɗauka karaya ce har sai hoton ƙashi ya nuna ba ita ba ce. Kalmar "targaɗe ne kawai" ta cuci yara da yawa, domin a wannan shekaru ƙashi ya fi jijiya saurin samun rauni. Wani lokaci hoton farko ba ya nuna tsagar, sai likita ya sa a sake bayan kwana 10 zuwa 14. Kada a ga kamar neman kuɗi ne.

Abin yi a gida kaɗan ne. Kada a ja, kada a yi tausa, kada a gasa da ruwan zafi, kada a ce ya taka mu gani. A naɗe kwali a tallafe gaɓar yadda aka same ta, a ɗaure da ƙyalle sako-sako. A ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa. Idan gaɓar ta karkace, a dakatar da abinci, domin mai yiwuwa a yi masa allurar barci kafin gyara. Idan akwai rauni a buɗe, a rufe da tsumma mai tsabta. Ban da toka, ban da garin magani. Wanda kuma ya bugu a kai yana amai ko yawan barci, ba a kwana da shi a gida.

Yanzu ga maganar da na san tana zukatanku, wato ɗori. Maɗora mutanenmu ne, da yawa gado suka yi, kuma sun yi wa jama'a hidima tun ba a san asibiti ba. Amma hannu ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai guringuntsin da ƙashin ke tsiro daga gare shi. Idan karaya ta ratsa nan aka ɗora a karkace, ƙafa tana iya gajarcewa ko ta gwame yana girma. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ɗauri. Gaɓar da ta karye tana ci gaba da kumbura kwana 2 zuwa 3. Idan an jera karare an tamke, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai jini ya daina gudana, nama ya mutu cikin 'yan sa'o'i. Karayar da za ta warke cikin mako 3 ko 4 sai ta ƙare da yanke hannu. Karayar saman gwiwar hannu ta fi kowace wannan haɗari, saboda babbar hanyar jini a nan take bi.

Don haka ku duba yatsu. Idan sun yi sanyi, sun yi fari ko baƙi, ba ya motsa su, ko kuka ya ƙi tsayawa duk da magani, a kwance ɗaurin nan take a kama hanya. Ko simintin asibiti ne ya matse, a koma a daren.

Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya tana nan Birnin Kudu, kuma abin da ya gagara akan tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na san kuɗin mota daga Sara ko Fagam ba wasa ba ne ga mai jiran albashi, shi ya sa nake roƙon reshe ya duba yadda za a riƙa ranta wa mamba kuɗin gaggawa a irin wannan rana.

Abu biyu suka rage. Idan ɗingishi ya zo da zazzaɓi, ko bayan hannu da ƙafa suka kumbura ba tare da faɗuwa ba, yana iya zama ƙwayar cuta a ƙashi ko sikila, kuma ɗori ba ya maganin ko ɗaya. Sannan jaririn da bai fara tafiya ba da wuya ya karya kansa. Idan labarin da aka bayar bai dace da raunin ba, ko karaya ta maimaitu, ku sanar da likita a asirce, ya bincika ko rashin ƙwarin ƙashi ne ko kuwa hannun wani ne.